GUZURIN MATAFIYI DA HUKUNCIN CANJIN KUƊI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san ƙasar Auyo ya san cewa kujerar Makka a fadama ake nomanta. Shinkafar rani da alkama da albasa, da kifin kogin Haɗeja, da ɗan abin da aka kiwata a bayan gida, su ne ake tarawa shekara da shekaru har su zama kuɗin aikin Hajji. Ba kuwa abu ne mai sauƙi ba, gama ruwan da ke raya gonakin shi ne kuma ke cinye su, kamar yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka nuna wa jama'ar wannan yanki. A shekarar 2025 kuɗin kujera daga jihohin Arewa ya haura Naira miliyan 8. Mutumin da ya tara wannan dukiya da gumin goshinsa, sa'an nan aka miƙa masa waɗansu 'yan takardu na Dalar Amurka waɗanda bai taɓa riƙe irinsu ba, aka sa shi a jirgi daga Dutse ko Kano, ya cancanci a gaya masa abin da shari'a ta ce game da kuɗin nan. Malamai sukan tsaya su koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa har alhaji ya haddace. Babin canji kuwa, wanda malaman fiƙihu suke kira sarfu, ba safai ake taɓa shi ba, alhali a cikinsa ne mutum yakan faɗa riba yana tsaye a gefen Harami bai sani ba.

Farkon magana shi ne asalin kuɗin. Malaman mazhabar Imamu Malik sun tafi a kan cewa wanda ya yi Hajji da dukiyar haram, farillar ta sauka daga kansa amma ya yi saɓo, kuma ba a ba shi tabbacin karɓa ba. A mazhabar Imamu Ahmad bin Hambal kuwa, sanannen zance shi ne Hajjin ma bai yi ba. Sabo da haka manomi ya fara fid da zakkar amfanin gonarsa kafin ya ƙidaya abin da ya rage a matsayin kuɗin kujera: ɗaya bisa goma idan ruwan sama ko ambaliya ko magudanar da ke gangarowa da kanta ce ta shayar da gonar, rabin haka idan da inji ko jigo aka yi ban ruwa. Kuɗin da aka ajiye domin Hajji ma, muddin suna hannun mai su, suka kai nisabi, shekara ta kewayo a kansu, akwai zakka a cikinsu. Niyyar tafiya Makka ba ta kayar da ita. Haka nan bashin mai taki da na mai casar shinkafa da ladan 'yan ƙwadago. Wanda wa'adin bashinsa ya yi, mai bashi ya fi Hajjinsa haƙƙi a kan kuɗin.

Game da wajabcin yin guzuri, Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa waɗansu mutanen Yaman sun kasance suna fitowa Hajji hannu rabbana, suna cewa su masu dogara ga Allah ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kansu ne aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka, wadda ta yi umurni da riƙon guzuri, ta kuma nuna cewa taƙawa ita ce mafificinsa.

Amma a nan akwai wata fahimta ta Malikiyya wadda ta yi tasiri ƙwarai a tarihin ƙasar Hausa. A wurinsu ikon zuwa Hajji, wanda aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta sharɗanta, bai tsaya ga mallakar kuɗi da abin hawa ba. Mutumin da ke da lafiyar tafiya a ƙasa, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, hanyar kuma tana da aminci ga rai da dukiya, shi ma mai iko ne. Da wannan fatawa kakanni suka riƙa tashi daga ƙasar Haɗeja da Katagum da Kano, su ratsa Barno, su bi ta Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su wuce Abeshe da Alfashir da Al'ubayyid, har su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan. Wanzami da askarsa, baduku da basillarsa, malami da allonsa da tawadarsa, sana'ar kowa ita ce guzurinsa. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, dubban mutanen Yamma suka riƙa tsayawa can suna ƙwadago su tara kuɗin jirgin ruwa. Tafiya takan ci shekara biyar, takan ci goma, waɗansu kuwa ba su komo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan har yau, musamman a garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Su ma mutanen wancan zamani sun san wahalar canji. Wuri, wanda ake ciniki da shi a kasuwannin Hausa, yana da nauyi, kuma ba shi da daraja a Hijaz. Abin da ke tafiya ko'ina shi ne liyari, watau azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Taresa ta ƙasar Ostiriya, wadda duk sadda aka buga ta shekarar 1780 ake rubutawa a jikinta. Da ita ake saye da sayarwa tun daga Barno har Jidda. Mai hankali yakan juya dukiyarsa ta koma liyari ko fatu ko tufafi tun kafin ya bar gida.

Ko sarakuna ba su tsira daga kuskuren lissafi ba. Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324 da zinariya mai yawan da har darajarta ta faɗi a kasuwar birnin sabo da kyauta da sayayyarsa. Da ya komo daga Makka sai ga shi hannunsa ya bushe, dole ya ci bashi daga attajiran Masar. Ɗaya daga cikinsu, Sirajuddini bin Kuwaik na Iskandariya, ya bi shi har ƙasar Mali domin karɓar kuɗinsa, ajali ya riske shi a Tambutu. In sarkin zinariya ya rasa guzurin komowa, to manomin da ke riƙe da Dala ɗari biyar sai ya yi hattara da kasuwannin Makka.

HANNU DA HANNU

Tushen hukuncin canji shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ubadatu bin Samit, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci abubuwa shida: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Abin da malamai suka fitar daga ciki game da kuɗi ƙa'ida biyu ce. Idan kuɗi iri ɗaya ne za a musanya, dole su zama daidai wa daida, kuma a yi karɓa a wuri guda. Idan iri biyu ne daban, an yarda ɗaya ya fi ɗaya yawa gwargwadon yadda aka daidaita, amma sharaɗin karɓa nan take yana nan bai kau ba.

A cikin Muwaɗɗa akwai labarin da ke nuna iyakar tsananin wannan sharaɗi. Malik bin Aus ya nemi canjin Dinari ɗari, suka yi ciniki da Ɗalhatu bin Ubaidullahi, ɗaya daga cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Ɗalhatu ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannu, ya nemi a dakata har ma'ajinsa ya komo daga wani wuri a bayan Madina da ake kira Gaba. Sayyidina Umar yana jin su. Nan take ya rantse cewa Malik bin Aus ba zai rabu da shi ba sai ya karɓi azurfarsa. Mai karatu ya lura, babu wanda ke tuhumar Ɗalhatu da cin amana. Jinkirin kansa shi ne abin da aka hana, ko da tsakanin amintattu ne.

Malikiyya sun fi kowa ƙarfafawa a nan. Mukhtasar na Shehu Khalil ya nuna cewa jinkiri yana ɓata canji ko da ɗan kaɗan ne, ko da kuma tilas ce ta kawo shi. Bai halatta mutum ya ƙulla cinikin da kansa sa'an nan ya tafi ya bar wani ya karɓa masa ba. Bai halatta a yanke farashi yau a yi alkawarin musanya gobe ba. Wanda ba shi da ikon zuwa kasuwar canji, kamar tsohuwa ko maras lafiya, sai ya wakilta amintacce tun daga farko, shi wakilin ya yi cinikin, shi kuma ya karɓa.

Wani zai ce ai wannan hukuncin zinariya da azurfa ne, Naira da Riyal kuwa takarda ce. Imamu Malik ya riga ya toshe wannan ƙofa tun a zamaninsa, gama an ruwaito a cikin Mudawwana cewa da mutane za su yarda da fatu a matsayin kuɗi, a buga musu hatimi, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. A wannan zamani kuwa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yanke cewa kuɗin takarda suna ɗauke da hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. Naira iri ce, Riyal iri ce, Dala iri ce, Sefa iri ce. Ɗan canji na Wapa a Kano yana da damar cin ribarsa a kan Dala, haka nan mai canjin Sefa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Abin da ba su da dama shi ne su karɓi kuɗin mutum da safe su ce ya komo bayan La'asar, sai fa in ajiya ya ba su ba a yanke ciniki ba tukuna, in ya komo a yi canjin a kan farashin wannan sa'a.

Lissafin Riyal ba shi da wuya ga wanda aka yi wa bayani. Tun 1986 hukumomin Saudiyya suka ɗaure kuɗinsu da Dala a kan Riyal 3.75, kowane Riyal kuwa halala ɗari ne. Watau Dala 100 Riyal 375 ce, shagunan canji masu lasisi sukan rage 'yan Riyal kaɗan su zama ribarsu. Wanda aka ba shi Riyal 300 a kan Dala 100 an cuce shi, kome zaƙin bakin mai ba shi. A 2024 guzurin da aka tsayar wa alhazan Nijeriya Dala 500 ne, watau Riyal 1,875 in an ba su cif. Idan kuɗin hadaya ba ya cikin kuɗin kujera, ga shi kuwa a shekarun nan farashinta ta hannun shirin da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanarwa a 1983 ya haura Riyal 700, abin da zai saura bai kai Riyal 1,200 ba. A raba shi kwana talatin, bai cika Riyal 40 a yini ba. Wanda ya yi wannan lissafi tun yana Auyo ba zai ƙarar da rabin guzurinsa a kasuwar Madina a makon farko ba.

Cuta mafi yawa kuwa a kan takardar Dala take. Takardar Dala 1 da ta Dala 100 girmansu ɗaya ne, launinsu ya yi kusa, ga wanda bai saba ba sai lamba kaɗai ke raba su. Sau da yawa akan sami wanda ya nuna zai taimaki tsoho ya canja masa, ya karɓi ta ɗari, ya juya baya, ya komo da ta ɗaya ya ce ai wannan ce aka ba shi. Maganin wannan a gida yake: 'ya'ya su zaunar da mahaifinsu ko mahaifiyarsu su nuna musu lambar, a ƙidaya takardun a gaban shaidu ranar da aka karɓo su, kada kuma a canja su duka rana ɗaya.

Naira da Naira fa? A farkon 2023, sa'ad da aka sake fasalin kuɗi takardu suka yi wuya, an ga mutane suna tura Naira dubu goma ta waya a ba su dubu takwas a hannu. Wannan sayar da kuɗi ne da irinsa tare da fifiko, kuma shi ne ainihin abin da hadisin ya hana. Malamai da yawa sun rarrabe shi da ɗan ladan da mai na'urar cire kuɗi yake karɓa sabo da aikinsa da hayar rumfarsa, matuƙar lada ne sananne wanda bai wuce ƙimar aikin ba. Da zarar ladan ya fara hawa sabo da ƙarancin takarda, ya tashi daga ladan aiki ya zama farashin kuɗi.

Zinariya ma tana cikin wannan babi, gama alhazai mata sun saba sayen sarƙa da 'yan kunne a Makka da Jidda. Ba a sayen zinariya bashi, ba a biyan rabi a bar rabi sai gobe alhali an tafi da kayan. Wadda ke son ta ba da tsohuwar sarƙarta ta karɓi sabuwa, kada ta musanya su da ciko. Hanyar da Manzon Allah ya koya wa Bilal game da dabino mai kyau da maras kyau ita ce mafita: ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta a hannu, sa'an nan ta sayi sabuwar da ciniki na dabam.

AIKE DA KATI DA BASHI

Akwai al'adar da ta daɗe, mutum ya ba wani Naira a Haɗeja ko Kano, a ba shi suna da lambar wani a Makka wanda zai ba shi Riyal. Magabata sun san irin wannan, suna kiransa suftaja. An ruwaito cewa Abdullahi bin Zubair yakan karɓi Dirhami daga mutane a Makka, ya rubuta musu takarda zuwa ga ɗan'uwansa Mus'ab a Iraƙi su karɓa a can, Ibn Abbas kuwa bai ga laifin haka ba. Malikiyya sun ƙi ta, domin a ganinsu rance ne da ya jawo wa mai bayarwa amfani, watau tsiran kuɗinsa daga hatsarin hanya. Amma sun yi togiya da lokacin da tsoro ya game hanyoyi, a nan sun yarda domin kare dukiya.

Sai dai aiken na yau ya ɗara na Ibn Zubair da mataki ɗaya. Shi Dirhami ake ba shi, Dirhami ake karɓa. Yanzu kuwa Naira ake bayarwa a karɓi Riyal bayan mako biyu, ga canji ga jinkiri sun haɗu. Majalisar Fiƙihun da aka ambata, a zamanta na Jidda a 1990, ta yarda cewa shigar kuɗi cikin asusun mutum a banki daidai yake da karɓa a hannu, ko da bai taɓa takardar ba. Sabo da haka canjin da banki ya yi ya rubuta wa mutum nan take ya inganta, haka nan wanda ya tsaya gaban ɗan canji ya tura masa Naira ta waya, saƙo ya shiga, ya karɓi Riyal kafin su rabu. Wanda bai inganta ba shi ne a yanke farashi a Haɗeja, kuɗin Riyal kuwa suna cikin alkawari kawai. In tilas ta sa, sai a mai da wanda aka ba kuɗin wakili: ya riƙe Naira amana, ya canja ta a ranar da zai canja hannu da hannu, ya faɗi farashin gaskiya, ya karɓi ladansa a fili. Ban da shari'a ma, dokar Saudiyya ba ta yarda da sana'ar canji ba tare da lasisi ba, wanda kuɗinsa ya maƙale ta wannan hanya ba shi da inda zai kai ƙara.

Katin banki wanda ke cirar kuɗi daga abin da mutum ya mallaka babu laifi a cikinsa, kuma ya fi takarda tsira daga ɓarawo. Katin bashi wanda aka sharɗanta ƙarin ruwa in an yi jinkirin biya, Majalisar ta hana shi a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ko da mai shi yana da niyyar biya kafin wa'adi. Amma fa kati yana da nasa hatsari ga mutumin ƙauye. Na'urorin can da Larabci da Turanci suke magana, wanda bai iya karatunsu ba dole ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga baƙo. Wannan na cikin dalilan da suka sa, da aka yi yunƙurin mai da guzurin alhazai cikin kati, hukumomin alhazai suka yi ƙorafi har aka bar shi tsabar kuɗi a 2025. Mai ɗauke da kuɗi masu yawa kuma ya sani dokar Nijeriya ta wajabta bayyana abin da ya haura Dala 10,000 a filin jirgi, ta Saudiyya kuwa a 2025 Riyal 60,000 ce.

Rance tsakanin abokan tafiya abu ne da ba ya ƙarewa, shi ne kuma ya fi kawo ɓacin rai bayan an komo. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, wadda ke biye da ita kuma ta ambaci matafiyan da ba su sami marubuci ba, ta ba su damar riƙon jingina. Ga misali. Mutum ya ranci Riyal 200 a Mina. Sun komo gida, wata shida ya wuce, Naira ta faɗi. Mai bashi yana son ƙimar yau, wanda ake bi yana son ƙimar ranar da ya karɓa. Wanda ya tuna cewa Dala ba ta kai Naira 500 a farashin hukuma ba a watan Mayu na 2023, amma ta haura Naira 1,400 a watan Fabrairu na 2024, ya san bambancin ba ƙarami ba ne. Hukunci shi ne Riyal 200 aka ranta, Riyal 200 ake bi. Idan ranar biya suka yarda a biya da Naira, sai a bi farashin wannan rana, kuma a biya duka kafin a rabu. Dalili shi ne hadisin Ibn Umar, wanda yakan sayar da raƙuma da Dinari ya karɓi Dirhami, Manzon Allah ya yardar masa bisa waɗannan sharuɗɗa biyu. Abin da bai halatta ba shi ne a ba mutum Riyal a Mina a yanke masa adadin Nairar da zai biya a Auyo bayan wata biyu, gama wannan canji ne da jinkiri aka sa masa rigar rance.

INDA AKE AJIYE KUƊI

Mai harami an hana shi ɗaura abin da ke kewaye jiki, amma shari'a ta yi rangwame ga lalitar kuɗi. Malikiyya sun sa sharaɗi wanda mutane da yawa ba su sani ba: a ɗaura ta a kan fatar jiki, ƙarƙashin gyauton harami, kuma domin guzurin mai ita. Idan ya haɗa da na wani a cikin nasa babu kome. Idan kuwa ya ɗaura ta a bisa gyauton, ko domin kuɗin fatauci, ko domin kuɗin wani kaɗai, fidiya ta hau kansa. Sauran mazhabobi sun fi sauƙaƙawa, wanda ya ga alhazan waɗansu ƙasashe da ɗamara a bisa harami kada ya yi musu inkari.

Hikima kuma ita ce kada a tara ƙwai a kwando ɗaya. Wajen ɗawafi da jifa da shiga mota, inda cunkoso ya fi yawa, ba a zuwa da guzuri duka. Wanda aka ba ajiya, amini ne; in kuɗin suka ɓata ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa, kuma ana gaskata shi. In ya bar su a ɗaki buɗe, ko ya taɓa su ya yi sayayya da nufin zai mayar, ya zama mai lamuni. Sabo da haka ya kyautu mai ba da ajiya da mai karɓa su ƙidaya tare, su rubuta, ko da 'yan uwa ne ciki ɗaya. Abin da aka tsinta a Makka kuwa, hadisi ya nuna ba a ɗaukarsa sai domin cigiya. Hanyar cigiya a yau ita ce miƙa shi ga ofishin kayan tsintuwa ko ga jami'an alhazai.

Wanda ƙaddara ta faɗa wa, guzurinsa ya ɓata, shi ne ɗan hanya wanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa cikin masu cin zakka. Yana da haƙƙi a ba shi abin da zai mai da shi gida ko da mawadaci ne a garinsu, sai dai Malikiyya sun ce in mawadaci ne a gida kuma ya sami mai ranta masa, to rancen zai karɓa. Wannan haƙƙi a kan abokan tafiyarsa masu hali ya fara sauka, da jami'an hukumar alhazai ta jiharsa. Bara a harabar masallaci kuwa laifi ne a dokar Saudiyya, ana kama mai yin ta.

Fatauci a lokacin Hajji halal ne, aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga mai neman falalar Ubangijinsa a wannan lokaci. Amma abin da hukumar ƙasa ta hana shiga da shi, kamar goro, ba ya zama guzuri, kuma kada kowa ya karɓi ƙunshin da bai ga cikinsa ba, ko da an ce saƙo ne zuwa ga ɗan'uwa.

Saura maganar kuɗin sautu. Kusan kowane alhaji yana barin gida da kuɗin mutane: wannan ta ba da na dadduma, wancan na agogo, waccan na zobe. Shi wakili ne a kansu. In ya canja kuɗin ya sami farashi mai kyau, rarar ta mai kuɗi ce. In ya sayi kayan ƙasa da abin da aka zata, canjin na mai kuɗi ne, sai in shi ya yafe da bakinsa. In bai sami kayan ba ya komo da Riyal, Riyal ɗin zai miƙa, ko abin da suka zama ranar da ya canja su, ko sun fi Nairar da aka ba shi ko sun kasa, muddin da izinin mai su ya yi canjin farko. Wanda ya san ba zai iya riƙe wannan lissafi ba, ga tsufa ga gajiyar Mina da Arfa, yana da damar ya ƙi karɓar sautun tun a ƙofar gida.